Kwana Bakwai a Fataskum

Duk wanda ya ce maka fatauci ne kaɗai ke kai mutanen Azare birnin Fort Lami a shekarun nan na bayan yaƙin Hitila, to ka dube shi da kyau. Ko dai yaro ne a lokacin, ko kuwa yana cikinmu. Ni ina cikinsu, sau huɗu na je. Mu Fallomi muke ce wa garin. Goro muke ɗauka da yadi, mu komo da banda da kanwa, wannan gaskiya ne, amma ribar ba ta kai wahalar hanyar ba, kuma kowa ya sani. Abin da ke kai mu shi ne mata masu zaman kansu. Can ƙasar Faransa ce, ba wanda ya san ubanka, ba ɗan dokan da zai kai rahoto fada, ba maƙwabcin da zai gan ka kana fitowa daga wani zaure ya je ya tsegunta wa liman.

Da ɗan bokon da na tsinta nake wannan rubutu. Aji uku na yi a elementare aka cire ni, aka ce in je in taya tsohona zaman rumfa. Shi ya sa a ayarinmu ni ne mai duba takarda, kuma shi ya sa na ɗauka na fi sauran wayo.

Tafiyar tana da dokoki. Madugunmu ne ke bayar da su, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, mai ɗingishi. Ana gobe za a tashi sai ya tara mu a shagonsa ya ja ƙofa.

"Kada wanda ya ce daga Azare yake," in ji shi. "Ku ce Kano, Kano tana da faɗi. Ciniki kuwa a gama shi kana tsaye bakin ƙofa, takalminka a ƙafa. Ba a cin abincinta, ba a shan ruwan randarta. Kada ka manta hula a ɗakinta, na san wanda aka yi wa aiki da hularsa, har yau yana can yana ɗebo wa mace ruwa. Layar da ke damtsenka ka cire ka bari a masauki, ba a shiga irin wannan wuri da sunan Allah."

Ka ji fa. Layar muke jin wa kunya, mu kanmu ko oho.

Akwai sauran ƙananan abubuwa. Wanda ba shi da lambar rigakafin agana a damtse, sandarma, wato ɗan sandan Faransa, zai mayar da shi daga bakin kogi. A kan hanyar dawowa sai mu tsaya Yerwa mu wanke tufafi da sabulu sau biyu, domin turarensu yana kama riga, matan gida kuwa hancinsu ba ya kuskure. Amma manyan dokokin guda biyu ne, dukansu saboda ciwon sanyi. Ta farko farar ƙwaya, wadda madugu ke sayar mana daga cikin gwangwanin taba: ka haɗiyi biyu kafin ka shiga, biyu bayan ka fito. Ta biyu ita ce zaman Fataskum. Ba mai wucewa gida kai tsaye. Sai ka sauka a wani masauki bayan tasha ka yi kwana bakwai cur. Madugu ya ce ciwon ba ya wuce bakwai bai nuna kansa ba. Idan ka tsuguna ka ji kamar an zuba maka barkono, to ka zauna nan ka yi magani. Idan bakwai ta cika lafiya, ka shiga gidanka da ƙafar dama.

In ka ga zaman nan sai ka yi dariya. Ƙatti shida ko bakwai a gindin darbejiya, ana dara, ana cin rake, ba mai maganar abin da ya tara mu. Amma da zarar ɗaya ya ɗauki buta ya zaga bayan zana, sai wasa ya tsaya. Idan ya dawo kowa fuskarsa yake kallo.

A tafiyata ta huɗu muka tafi da maƙwabcina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Babarbare ne, mai sayar da kanwa, matarsa ta rasu shekara guda kafin nan. Ni kuwa uwata Bafillatana ce, saboda haka wasa ne tsakaninmu tun muna samari. Ba ya kirana sai "bawana", ni ma haka nake kiransa. Ni na ja shi tafiyar, na ce zaman gwauranci zai kashe shi.

Da muka isa Fallomi sai mutumin nan ya ƙi shiga ko'ina. Yini yake a bakin kogi yana cinikin banda da gaske, kamar abin da ya kawo shi ke nan. Da la'asar ya zauna wajen mai shayi yana kallon jama'a.

Na ce, "Kai bawa, duk wannan ƙurar hanya da ka sha, shayi ka zo sha? Babu shayi a Azare?"

Ya ce, "Wallahi da niyya na zo, Bafillace. Na leƙa, raina ya ƙi. Kai dai je ka, kun saba bin garke."

Aka yi dariya, na wuce. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Da muka sauka Fataskum ya ce shi ba abin da zai jira, kuma bandarsa za ta yi tsutsa. Ni da hannuna na ɗauko tsarabar matata, turmin atamfa da ɗan madubi, na ba shi. Na ce ya gaya mata mota ce ta karye, ina gadin kaya. Ya kwana ɗaya ya wuce gida, ya riga ni da kwana shida.

Bakwai ta cika ban ji komai ba. Na sha ƙwayata yadda aka ce, na wanke rigunana, na yi zamana. Na shiga Azare ina jin kaina fes.

Matata 'yar Udubo ce, shekararmu tara tare, 'yarmu ɗaya. Ba mai yawan magana ba ce. Na same ta ɗaure da atamfar, har an kalmashe bakin zanen.

Na ce, "Wa ya kai miki wajen tela?"

Ta ce, "Maƙwabci ne. Ya ce hanyarsa ce, kada ka dawo ka tarar ban ɗaura ba."

Na ce madalla. Amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan kamar mako uku sai ta fara tafiya tana dafe mara. Ga zazzaɓi, ga shi ba ta iya tsayuwa daka. Aka kira wata tsohuwa mai ba matan unguwa jiƙo. Da ta fito ta same ni a zaure, ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Malam, wannan ba ciwon cikin gida ba ne. Shigo da shi aka yi."

Ta tafi ta bar ni. Na zauna ina jujjuya maganar. Ƙwaya na sha. Bakwai na cika. Har ran nan ba abin da nake ji a jikina. To in ba ni ba ne, wa ke nan? Sai komai ya riƙa dawo mini. Gwauro ya je har Fallomi ya ce ransa ya ƙi, wa zai yarda? Ko dai ya shiga a ɓoye don kada ya sayi ƙwaya, ko kuwa yana da inda ransa yake so, kusa da gida. Me ya sa yake gaggawar wucewa? Banda ce kawai? Wa ya sa shi zuwa wajen tela? Kwana shida, katanga ɗaya, ni kuwa ina can gindin darbejiya ina gadin fitsarina.

Abin da na koya a Fataskum shi na shiga yi masa. Duk lokacin salla sai in ja baya in bar shi ya ɗauki buta ya zaga bayan masallaci, ni kuma in tsaya inda zan ga fuskarsa in ya fito. Ko zai cije leɓe, ko zai yi tafiya a tale. Kwana huɗu ina haka. Ran na biyar ya fito ya tarar da ni tsaye kusa da katangar.

Ya ce, "Kai bawana, shanun sun ƙare ne, fitsarina ka koma kiwo?"

Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ban ga komai a fuskarsa ba, amma sai na ce ai Barebari sun iya haɗiye ciwo.

Da hantsi washegari na shiga ɗakinta. Tana kwance kan tabarma, yarinyar ta fita wasa.

Na ce, "Ke, ban da atamfa da madubi, me maƙwabci ya kawo miki?"

Ta ɗago kai. Ta ce, "Malam, me ka ce?"

Na ce, "Kin ji ni."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta lallaɓa ta tashi, ta buɗe kwalla ta ɗauko atamfar, ta ninke ta da kyau, ta ɗora madubin a kai, ta ajiye a gabana. Ta aika aka kira ƙanenta daga kasuwar shanu. Kafin azahar sun kama hanyar Udubo, da ita da yarinyar.

Wata biyu ina cika baki ni kaɗai, ina cewa Allah ya tona asiri. Sai gwiwata ta dama ta kumbura haka kawai, daga nan kuma barkonon nan da madugu ke faɗi ya iso. Da ya ishe ni na je asibiti. Malamin asibitin wani dattijo ne mai tabarau. Ya duba ni, ya tambaye ni tafiye-tafiyena. Na zayyana masa komai, har da alfahari, biyu kafin, biyu bayan, bakwai a Fataskum, don ya san ba da jahili yake magana ba.

Ya cire tabarau ya aje. Ya ce, "Wa ya koya muku wannan? Ƙwayar nan da yawa ake shan ta, kwanaki a jere. Biyu-biyun nan naku ba ta kashe ciwon. Kwantar da shi take yi, ya yi lamo, ya bi ka gida. Ko wata guda ka yi a Fataskum kana iya shiga da shi. Akwai iyali?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Kawo ta da wuri. In ya daɗe a jikin mace yana toshe haihuwa."

Har a nan ban saki ba. Na ce, "Malam, ba ya yiwuwa a ce daga wajenta na samu?"

Ya mayar da tabaransa, ya ce, "Wannan ba zan gan shi a kwalba ba. Amma kai ne ka je Fallomi ko ita?"

Ya yi mini allura na fito.

Da gwiwar ta saɓe na shirya biko. Na sayi goro, na tafi Udubo. Surukina tsohon makiyayi ne da ya zauna ya kama noma, siriri, mai sanyin murya. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu a ƙofar gida, kusa da zanan da ya kewaye cikin gidan. Muka gaisa, muka tambayi shanu da damina. Na ce na zo ne a yi haƙuri, na yi kuskure, kuma malamin asibiti ya ce a kai ta a yi mata allura.

Ya ce, "Allura an yi, ƙanenta ya kai ta. Saura maganar." Ya gyara zama. "Ka ce 'yata ta ɗauko cuta a gidan maƙwabci. Yau ka ce kuskure ne. To cutar dai ba daga rufin ɗaki ta faɗo ba. Ɗayanku ne ya shigo da ita. Faɗa mini wane ne, in ji, ita ma ta ji. Tana bayan zanan nan."

Ina ganin ƙafafunta ta ƙarƙashin zanan. Kalma uku ce kawai, ni ne, Baffa. Amma in na faɗa sai ya tambayi daga ina, in na ce Fallomi sai ya tambayi da wa da wa, kafin kasuwa ta ci maganar ta isa Azare, ta isa kunnen liman, ta isa gidan kowane mutum da muka yi dara a Fataskum. Har a wannan zaman ma wani abu yana raɗa mini cewa ai kwana shida ba wasa ba ne, kada ka ɗauki laifin da ba ka tabbatar ba.

Na ce, "Baffa, cuta ta Allah ce."

Ya ce, "Haka ne."

Ƙafafun suka bar wurin. Tsohon ya sa aka kawo mini nono na sha, sannan ya ce tunda na yi boko ba sai an wahalar da alƙali ba, in rubuta mata takardarta kafin rana ta yi zafi. Na rubuta a kan gwiwar da ta warke.

Ta yi aure a garin Yana bayan shekara. Na ji ba ta sake haihuwa ba. 'Yata tana zuwa da salla, ta gaishe ni daga zaure ta koma.

Maƙwabcin yana nan, katangar ma tana nan. Ban san wanda ya kai masa maganar ba, amma ta kai. Bai taɓa tayar da ita ba. Tun daga shekarar dai bai sake ce mini "bawana" ba. In mun haɗu sai ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" ya wuce.

Madugu ya tsufa, ɗingishin ya ƙaru, gwangwanin tabar yana nan a shagonsa. Bara na ga samari uku sun shiga an ja ƙofa. Na tsaya a bakin titi ina cewa in shiga in gaya musu, sai na tuna za su tambaye ni yadda aka yi na sani, na wuce rumfata. Ni ne na shigo da cutar nan gidana. Ga shi na rubuta. Amma ba zan yi ƙarya ba, har gobe in na ji maƙwabcin nan yana alwala a bayan katanga, sai in tarar da kaina na kasa kunne.