Na Yaga Zanen Yarinyar da Ta Ƙetaro Komadugu

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, haifaffiyar garin Diffa. Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarun da rikici ya yi tsanani a bakin kogin Komadugu, lokacin da mutane suka baro garuruwansu suka zube a gefen kwalta da tabarminsu da tukwanensu. A lokacin ban daɗe da gama makarantar horon malamai ba, ina aikin kwantaragi, ga ƙuruciya, ga son a yaba mini. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ba mai laifi a labarin nan sai ni.

An tura ni wata lakwal, wato makaranta, ta zana da tamfol da aka kafa wa 'yan gudun hijira a bayan gari, aka ba ni ajin ƙanana, waɗanda ko riƙon fensir ba su gama iyawa ba. Wasu 'ya'yan manoman tattasai ne na ƙauyukanmu, wasu kuma daga tsallaken kogi suka zo, ɓangaren Najeriya. Da yawansu Barbarci kawai suke ji sosai. Ni ma ina ji, da shi kakata ta rene ni, amma da na shiga aji sai in ɗaure fuska, in yi ta Faransanci da ɗan Hausa, wai don a san ni malama ce.

Muka iso darasin masu taimakon al'umma. Na manna hotuna a jikin allo: likita da farar riga, ungozoma, malami, mai kashe gobara, da soja riƙe da bindiga. Aikin shi ne kowane yaro ya zana mutum ɗaya da yake taimakon jama'a, ya gwada rubuta sunan aikinsa a ƙasa, ni kuma in duba in ba da maki. An koya mana cewa ga yara masu waɗannan shekarun ba kyan zane ake nema ba, ana tambayar yaro ne ya faɗi abin da ya zana. Na san wannan sarai. Amma darakta ya gaya mana mai duba makarantu zai zo tare da mutanen ƙungiyar da ta ba mu takardu da fensir masu launi, ni kuwa ba abin da nake so kamar a shigo ajina a ga zane-zane masu kyau a jere, a ce wannan malama ta iya aiki.

Akwai wata yarinya da take zama can baya, siririya, ba ta cika magana ba, daga tsallake suka zo. Ranar ta duƙufa a kan takardarta kamar ba ta san akwai kowa a ajin ba, har harshenta ya leƙo waje. Da ta gama, ita da kanta ta taso ta kawo mini, abin da ba ta taɓa yi ba. Na duba. Ta cika rabin takardar da layuka masu lanƙwasa, a tsakiya ga wani mutum mai ƙaton kai da dogayen hannuwa, ba shi da ƙafa ko ɗaya. A gabansa ga wata babbar da'ira da ɗige-ɗige uku a ciki. A ƙasa kuma ta yi wasu 'yan alamomi daga dama zuwa hagu, irin na mai fara karatun allo.

Da na tambaye ta ko wane ne, da ban rubuto wannan wasiƙar ba. Maimakon haka na ɗaga takardar sama, na tambayi ajin ko sun taɓa ganin mai taimakon jama'a marar ƙafa. Yara suka fashe da dariya. Na ce ko likitan aljanu ne, dariyar ta ƙaru, ni ma na ji daɗin yadda na sa su dariya. Na zana mata ƙaton sifiri da jan biro, na yaga takardar biyu na jefa a kwandon shara. Sai na ciro hoton sojan daga allo na ajiye a gabanta, na ce ta kwafe shi yadda yake, da ƙafafunsa da takalmansa da bindigarsa, kuma ba za ta fita tara ba sai ta gama. Ta zura wa hoton ido. Can sai yarinyar da take kusa da ita ta yi ihu wai mai zanen ta yi fitsari a tabarma. Na kore ta waje ta wanke jikinta, ina faɗa. Baƙin suka zo, suka yaba ajina, na koma gida ina murna.

Yarinyar ta daina zuwa. Ban damu ba, domin yaran sansani kullum cikin zuwa da tafiya suke. Sai wata ranar kasuwa, ina tsaye wurin masu tattasai, wata tsohuwa ta yi mini sallama, ta ce ita ce kakarta. Ba faɗa ta zo yi ba, haƙuri ta zo ba ni. Ta ce ta ji jikarta ta ɓata mini aji, in yafe mata, ba halinta ba ne. Ta ce tun ranar da aka shiga garinsu, yarinyar ba ta iya ganin mai kaki da bindiga ba tare da jikinta ya saki ba, domin waɗanda suka shigo musu da hantsi kaki suka saka, har mutane suka fito suna tsammanin masu tsaro ne. A gaban idonta aka harbe ubanta.

Tsohuwar ta ci gaba. Ta ce sun gudo bakin kogi, ruwa ya cika, ba jirgi. Wani masunci maƙwabcinsu ya riƙa saka yara cikin babban masaki, yana shiga ruwa har ƙirji yana tura su zuwa wannan gaɓar. Shi ya ƙetarar da jikarta da ƙannenta biyu. Ya ajiye su, ya koma ɗauko wasu, ba a sake ganinsa ba. Ta ce ranar da aka ba su aikin zane, yarinyar ta ce wa ƙawarta shi za ta zana, don malama ta san shi.

Wallahi ban san yadda na baro kasuwar nan ba. Mutumin ba marar ƙafa ba ne, a cikin ruwa yake. Ɗige-ɗigen nan uku ita ce da ƙannenta. Ni kuma na ce masa likitan aljanu, na sa yara suka yi masa dariya. Kuma abin kunyar da ya fi wannan, ban iya ce wa tsohuwar ni ce mai laifi ba. Na ce mata ba komai, Iya, ta dawo makaranta. Na bar ta ta tafi tana yi mini godiya.

Yarinyar ta dawo. Na jira yara suka fita tara, na zauna kusa da ita a tabarma, na yi mata magana da Barbarci a karo na farko. Na ce na yi kuskure, zanenta ya fi na kowa, ta yi haƙuri ta sake zana mini mutumin nan na cikin ruwa. Na ba ta sabuwar takarda da duk launukan da nake da su. Ta daɗe tana zane, ta juya mini baya. Da ta miƙo, soja ne, da ƙafafu biyu, da takalma, da bindiga, an kwafe shi tsaf. Ta ɗago kai a tsorace ta ce, "Madam, yanzu daidai ne?"

Sai hawaye suka zubo mini. Har ƙarshen zangon ba ta sake zana wani abu daga ranta ba, sai abin da ta gani a allo, kuma kullum sai ta dubi fuskata kafin ta ajiye fensir. Bayan hutu aka ce sun tashi, sun bi dangi wajen garin Maine. Na yi cigiya, ban same su ba.

Har yau ina koyar da ƙanana, kuma ba na taɓa jan biro sai na durƙusa na tambayi yaro ya gaya mini abin da ya zana, da harshen da yake ji. Na ji abubuwan da ba ko ɗaya a cikin hotunanmu: uwa mai dakon ruwa, mai amalanken da ya kai mara lafiya asibiti, yayan da ya goya ƙaninsa a daji. 'Yan uwana malamai da iyaye, ina roƙonku, idan yaro ya miƙo muku takarda, kada ku yi saurin neman abin da babu a ciki. Wani yaron bakinsa ba zai iya faɗin abin da ya gani ba, sau ɗaya zai gwada nuna muku da hannunsa. In kuka yi masa dariya a ranar, ba lallai ya sake gwadawa ba. Allah Ya yafe mini, Ya raya ta duk inda take, Ya jiƙan masuncin nan.