Dunƙulen Daddawar Yaya Asabe

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Asabe mai daddawa ta Ƙofar Jatau. Allah ya jiƙanta. Gidanta ba ya buƙatar kwatance, hanci ne ke kai baƙo har zaure.

Ta shekara talatin tana dafa kalwa, sai rana ɗaya ta ce ta gaji da ganin matan zamani suna toshe hanci. So take ta mayar da daddawa ɗan dunƙule a takarda mai ƙyalli, irin na kanti. Yaya ba ta yin abu da ka. Ta sa aka nemo mata wata ƙwararriya kan sarrafa abinci daga Wusasa, Malama Rifkatu, ta ɗauke ta aiki don ta haɗa samfur, ta kuma gwada ko mutane za su saya. Idan gwaji ya yi kyau, za ta sayar da gonar da Baba ya bar mata ta sayi inji.

Malama Rifkatu ta yi aikinta. Samfur ya fito tsaf, babu wari ko kaɗan. Sai ta ce a kai Kaduna, a sayar wa matan da ba su san Hajiya ba, a ga wa za ta dawo ta ƙara saya. Yaya ta ce ina, wace Kaduna kuma, ga dangi da maƙwabta cike da birni? Ta raba kyauta gida-gida har Ƙofar Gayan, kowa da takardar tambayoyi.

To, mutumin birni ba ya kushe kyauta, balle ta babba. Takardu suka dawo, kowa ya rubuta madalla. Malama Rifkatu ta duba su ta ce, "Hajiya, wannan ai gaisuwa ce, ba sakamako ba." Ta rubuta a rahotonta kada a taɓa gonar tukuna.

Sai Yaya ta kira ni, ƙaninta ɗan boko da take ji da shi. Ta ce, "Garba, kun sa a miya?" Mun sa. Miyar kuka ta fito salam, sai da matata ta ƙara daddawar gaske. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ya yi." Kafin damina gona ta tafi. Inji ya yi 'yan watanni yana aiki, babu ciniki, daga nan aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ita kuwa ta koma ga tukunyarta.

Yanzu 'yan mata na tallar garin daddawa na kwalba a wayar salula, da warinta da komai, kuma ana saya. Da tana raye, na san za ta ce ta riga su tunani, sannan ta tambayi wa ya ɗanɗana musu. Gonar an yanka ta filaye, an yi gidaje. Abin da ya rage na Yaya shi ne hannunta, domin matan da ta koya wa sana'ar har yau su ke riƙe da unguwar. Ni kuma abin da ya rage mini kunya ce.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. A ciwonta na ƙarshe na zauna gefen gadonta, na faɗa mata gaskiyar miyar nan, na roƙi gafara.

Ta ce, "Garba, ni fa na fi kowa sanin daddawa. Tun ranar farko na san bai yi ba. Na sa rai ne kawai, ina jira ɗayanku ya tsayar da ni."