Bayansa Ke Ciwo

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki aurena ya mutu, na dawo gidanmu a Ƙofar Sauri. Na tarar yanar ido ta gama rufe idanun Baba. Tsohon maharbi ne, karnukansa duk sun ƙare saura ɗaya, wani ja mai yankakken kunne, shi ma ya tsufa. Karen nan shi ne idonsa. Kullum da hantsi Baba zai ɗaura masa igiya, kare a gaba shi a baya, su bi ta bayan ganuwa zuwa gona. Ba wani noma yake yi ba. Zai taɓa ƙasa, ya gaisa da mutanen hanya, ya dawo yana ba mu labarin gari. Fitar nan kaɗai ta rage masa, don mu 'ya'yansa kowa da uzurinsa, ba mai riƙe masa sanda.

Ni na fara ganin karen yana zama daɓas, ya ɗaga ƙafafun baya, ya dinga jan gindi a ƙasa. Yaran unguwa har taruwa suke yi suna dariya, wai kare na tuƙin mota. Sai lasa, ba dare ba rana, yana juyawa yana cizon gindin jelarsa. Sannan wari ya zo.

"Mi ke wari haka kamar kifi ya ruɓe?" in ji Baba.

Na sa kara na ɗaga jelar na duba. Gefen duburarsa ya kumbura ya yi ja, ya kai girman goro. Na sami Yaya, babban wanmu, na faɗa masa abin da na gani ƙiri-ƙiri, na ce a kai shi asibitin dabbobi.

To, a cikin me? Ɗan acaɓa na farko da aka tsayar ya ce shi ba zai wanke babur ɗinsa da ƙasa ba. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Yaya kuwa lokacin yana cikin hidimar siyasa tsundum, akwai motar jam'iyya a hannunsa, mai ɗaukar lasifika da matasa masu ihu da tofar da yawu ko'ina. Duk wannan ƙazanta motar ta ɗauka, amma wai kare najasa ne. Ni kuma ina idda, ba fita. Aka tsaya a kan Yaya ya je shi kaɗai ya yi bayani, a ba shi magani.

Ashe malamin dabbobin da ya tarar surukinsa ne, ƙanen baban matarsa. Yaya ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi jikin Baba. Da aka zo kan abin da ya kai shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Bayansa ke ciwo." Malam ya ce, "Yana jan jiki?" Ya ce, "Yana ja." Bawan Allah ya ji tsohon kare, ya ji ciwon baya, ya ba da maganin ƙugu da man shafawa.

Da na ga man na ce, "Yaya, ka kuwa faɗa masa wurin?"

"Ke! A gaban surukina zan buɗe baki in ambaci wannan wuri? Ba ki da kunya ne?"

"Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Shi ya sa aure bai zaunar da ke ba," ya ce, ya kaɗe riga ya fita.

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Muka yi ta murza wa kare mai a gadon baya, inda lafiyarsa lau. Baba da kansa yake murzawa, yana lalube, yana ce masa sannu. Kumburin ya fashe, mugunya da jini suka yi ta zuba, ƙudaje suka samu wurin zama. Karen ya daina cin abinci. Wata safiya Baba ya ɗaura masa igiya, karen ya tashi da ƙyar, ya kai bakin zaure ya kwanta. Baba ya tsaya riƙe da igiyar har rana ta yi zafi.

Matar Yaya ce ta ga abin ya isa, ta je gidansu ta faɗa wa matar Malam, ita kuma ta faɗa wa mijinta. Malam ya zo a kan babur ɗinsa, ya sa safar hannu ya duba. Ya ce wasu 'yan jakunkuna biyu ne a gefen dubura, kowane kare na da su, su ne suka toshe suka ruɓe.

"Da tun yana jan gindi aka faɗa mani, matsewa kawai zan yi in wanke," ya ce. "Kun ji wari, kun ga kumburi, mi kuke jira?"

Ya faɗi kalmar dubura sau nawa a tsakar gidanmu, a gaban Baba, a gaban Yaya, sama ba ta faɗo ba. Ya wanke ciwon, ya cire tsutsotsi, ya yi allura, amma ya ce abin ya shiga jini kuma ga tsufa. Karen bai kai Juma'a ba.

Yaya ya yi alkawarin zai riƙa kai Baba gona da kansa. Ya kai shi sau ɗaya, a motar jam'iyya, bai ma bar shi ya sauka ba. Daga nan Baba ya koma zaman zaure, daga zaure ya koma ɗaki. Na yi kuka na gaji, don na san ba zai ƙara fita da ƙafarsa ba, kuma bai ƙara ba.

Wani yammaci na kai masa tuwo na zauna gefe. Ya ci ya ci, ya yanko loma ta ƙarshe, ya dangwala miya, ya miƙa hannu ƙasa kusa da ƙafarsa, inda karen ya saba kwanciya. Ya daɗe a haka, miyar na ɗiga a tabarma. Sannan ya ce, "Zo ki ɗauke kwanon nan."