Kawu Sale da Ƙadangaruwa

Ku da kuka zauna unguwarmu a Ƙanƙara, ai ba sai na tuna muku yadda Kawu Sale ke fara safiyarsa ba. Da an sallame sallar asuba, kafin ya ce wa kowa ina kwana, sai ya tattare babbar riga ya durƙusa gindin motarsa, ya zura hannu ƙarƙashi ya jawo wata tsohuwar tasa. Baƙin man da motar ta ɗigar ne a ciki. Ya tace shi da tsohuwar hula, ya buɗe bayan motar, don ita injinta a baya yake, ya juye mata abinta, har ya lakace tasar da yatsa. In ka kuskura ka ce, "Kawu, motar nan fa yoyo take," sai ya dube ka sheƙeƙe.

"Yoyo? Ajiya take ba ni, ina maida mata."

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina. Hatsi yake saye a kasuwar Yankara yana turawa kudu, kuma Allah ya buɗa masa. Amma maƙo! Mutumin da ke tsaga tsinken ashana gida biyu. Takalminsa ya sha ɗinki har mai gyaran ya ce masa, "Alhaji, yanzu fa zaren ya fi fatar yawa." To wannan mutumin ne ya tafi Ikko da kuɗin sayen akori-kura ta ɗaukar masara, sai ga shi ya dawo da jar motar tsere ta ƙasar Turawa, a bayan tirela, don tun a can ta ƙi tashi.

Wayyo, ranar unguwa ta cika! Mota ce ga faɗi, ga ta shafe da ƙasa, in ka tsaya kusa da ita iyakarta ƙugunka. Kujera biyu tak. Ƙofofinta ba gefe suke buɗewa ba, sama suke ɗagawa kamar kaza na shan iska. Kafin magariba mutanen gari sun raɗa mata suna Ƙadangaruwa. Shi kuwa Walƙiya yake ce mata, kuma har ya koma ga Allah shi kaɗai ke kiranta haka.

Inna Hajara, matarsa, ta fito ta zagaya motar, ta leƙa nan ta leƙa can.

"Alhaji, ina ake sa buhu?"

"Wane buhu? Wagga ba ta ɗaukar buhu, mutunci take ɗauka."

Garba makanike, wanda garejinsa ke bakin tasha, ya sunkuya ya duba agogon da ke ƙirga tafiyar mota, ya ɗago yana salati. "Alhaji, motar nan ai ta gama yawon duniya! Baturen da ya fara hawanta ina jin jikokinsa sun yi furfura."

Kawu ya ce, "Madalla. Ka ga ke nan ba sai an koya mata hanya ba."

Sai da Garba ya kwana biyu a kanta sannan ta tashi. Da ta tashi kuwa, wallahi sai ka rantse hadari ne ya taso daga gabas. Awaki suka tsinke igiya, Kawu na ciki yana dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Ran kasuwar Yankara ya ce in shiga mu tafi. Shiga ma aiki ce: sai ka ba ta baya, ka zauna kamar za ka faɗa rijiya, sannan ka jawo ƙafafu. Muka kama hanya, duk ramin da muka tarar sai na fita na duba masa zurfinsa, shi kuma ya bi ta gefe a karkace kamar kaguwa. Masu kekuna suna wuce mu suna yi mana sannu. Muna isa bakin kasuwa sai ga tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Na ce, "Kawu, ba za ta haye ba."

"Kai Lawal, yi mani shiru. Wagga a ƙasarsu jirgi take tsere da shi."

Ya taka. Ƙurrr, ƙaf! Cikinta ya hau tudun ya zauna daram, tayoyin gaba a sama, na baya suna ta juyawa a banza. Motocin hatsi suka yi layi a bayanmu suna ta oda. 'Yan dako suka taru suna dariya, aka kama ta gaba da baya za a ɗaga. Aka ce Alhaji ya fito a rage nauyi, ya ce shi direba ba ya barin sitiyari mota na kan hanya. Haka suka ɗauke ta da shi a ciki, yana leƙo kai ta taga yana ba da umarni: "A hankali! Kai mai jar hula, cire hannunka daga madubi!"

Da aka sauke ta, babbansu ya matso yana share gumi. "To Alhaji, a ba mu na ruwa."

Kawu ya zare ido. "In ba ku mi? Duk zuri'arku akwai wanda ya taɓa sa hannu a irin wagga mota? Ku tahi, na yafe maku!"

A aljihuna aka sallame su.

Daga nan fa aka shiga hidima. Mota ce da ba ta ciwo ɗaya. In an gyara kulochi sai lagireto ya ce ga ni, in an toshe lagireto sai wutar ta ɗauke, fitila ɗaya ta buɗe ido ɗaya ta ƙi, ta yi ta yawo a gari kamar mai hararar mutane. Tayarta babu irinta a Funtuwa, babu a Katsina. Kawu da ba ya iya sayen tsire ya ci shi kaɗai, sai ga shi yana sayar da sa sukutum saboda wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa yarda ta lalace ba. In ka gan ta a gareji ka tambaya, sai ya ce, "Hutawa take."

Wata shekara bel ɗin injin ya tsinke. Garba ya duba ya duba, ya ce ba a isa wurin sai an sauke injin gaba ɗaya. Aka sauke. Aka aika Kano, babu. Aka aika Ikko, suka ce sai dai daga waje. Tun ana shuka ake jira, sai da aka fara cin ɗanyar masara kaya suka iso, a ɗan kwali kamar na sabulu, kuɗinsa kuwa Inna Hajara da ta ji sai da ta nemi wuri ta zauna. Garba ya zo da kwalin yana murna, muka ɗunguma gareji. Yana ɗaga murfin baya sai muka ji "ƙurrr!" Ashe kazar maƙwabta ta samu wurin da aka cire injin, ta yi ƙwai, ta kwanta a kai.

Garba ya kai hannu zai kore ta, Kawu ya riƙe masa hannu caraf.

"Kada ka soma! Bari sai ta ƙyanƙyashe."

"Haba Alhaji! Damina guda muna jiran kayan nan!"

"Garba, tunda na sayi motar ga, yau ne karo na farko da na ga ta kawo riba. Ba za ka zubar mani da ita ba."

Haka aka jira. Da kazar ta fito da 'yan tsakinta kuma sai ga Kawu a gidan mai kazar, wai a raba, tunda a ɗakinsa aka sauka. Har gaban mai unguwa aka je. Ya samu biyu.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ta yi mini ranar ɗaurin aurena. A Damari na nemi aure, can ƙasar Sabuwa, kuma uban yarinyar, Malam Haruna, mutum ne mai tsare magana. Da ma da kyar ya yarda, don yana ganin Ƙanƙara ta yi wa 'yarsa nisa. Ya ce ƙarfe goma na safe, in an wuce lokaci to a bar maganar. Kawu ne wakilina, sadakin ma yana aljihunsa. Abokaina suka ɗauki bas, na roƙe shi mu bi su.

"Ɗan 'yar'uwata zai yi aure in tahi a motar haya? Shiga nan, sai mun sha fura mun huta kafin su iso."

Gaskiya da farko ta yi abin kirki, har muka wuce bas ɗin Kawu na ɗaga musu hannu. Muna sauka daga kwalta muka hau hanyar ƙasa, sai na ji zafi a bayana kamar na jingina da murhu. Na waiga, hayaƙi! Ta yi tari biyu ta mutu, a tsakiyar gonaki, ba gida gaba ba gida baya. Bas kuma ashe ta wata hanya ta bi. Waya babu sabis. Na dubi agogo, na dubi sabuwar shaddata, na ji hawaye na zuwa.

"Kawu, aurena!"

"Kwantar da hankalinka. Numfashi take maidawa."

Allah ya kawo wani manomi da shanun huɗa guda biyu. Na roƙe shi kamar zan kwanta masa. Aka ɗaura igiya, shanu suka ja. Ni ina gefe a ƙasa ina taya shi kora, shadda ta sha laka har gwiwa. Kawu kuwa yana ciki, ya gyara hula, hannu ɗaya a sitiyari, har sigina yake sawa in za a yi kwana.

Muka shiga Damari rana ta take. Mutane sun fara naɗe tabarmi, Malam Haruna na tsaye ƙofar masallaci fuska a murtuke. Sai ga shanu, sai ga jar mota a bayansu tana tafiya kamar amarya, sai ga ango da bulala a hannu. Kawu ya ɗaga ƙofa sama, ya fito da kyar, ya kakkaɓe riga, ya miƙa wa Malam Haruna hannu.

"Malam, a yi mana aikin gafara. Amma ka shaida, tun daga rafin can zuwa nan ko cokali ɗaya na mai ba ta sha ba."

Malam Haruna ya dubi shanun, ya dubi motar, ya dube ni. Ya yi ƙoƙari ya riƙe, ina! Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa bango. Ya ce a maido tabarmi. Daga baya ya gaya mini cewa yaron da ya iya haƙuri da wannan kawu da wannan mota, zai iya haƙuri da 'yar kowa. Yau 'ya'yanmu huɗu.

Shekarun baya da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, mai ma ya yi tsadar da ba a magana, sai motar ta koma zaman rumfa. Wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi ya rame, murya ta yi ƙasa. Ya miƙo mini makulli. Ku kun sani, ko Garba bai taɓa tuƙa motar nan ba, tura ta kawai yake yi.

"Kai ni Faskari in ga Yaya."

Mahaifiyata ke nan. Muka ɗauke shi muka zaunar a kujera. Na murɗa makulli ina addu'a, bugu ɗaya ta tashi. Jama'a, tun daga Ƙanƙara har Faskari motar nan ko tari ba ta yi ba! Ina taɓa ta tana amsawa, iska na shigowa, itatuwa na wucewa. Na saci kallonsa, na ga ya lumshe ido yana murmushi. Can sai ya buɗe ido ya yi tsaki.

"Dubi hanya fayau, ba kowa. Yau da take abin da aka yi ta dominsa, duk 'yan baƙin cikin suna gida."

A ƙofar gida ya kasa fitowa, ƙafar ta ƙi. Sai mahaifiyata ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune, ta zauna a bakin ƙofar motar, ta kama hannunsa. Suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, suna ambaton mutanen da ni ban ma san su ba. Na ji ya ce, "Yaya, ki yafe mani." Ta ce, "Sale, mi ka yi mani? Ni dai ka yafe mani." Na koma bayan gida na tsaya, don kada su ga fuskata.

Dawowa kam kada ku tambaye ni. Ta ƙi tashi ƙememe, a motar haya muka komo, kuma ni na biya. Bai sake fita ba sai da aka ɗauke shi zuwa makwancinsa. Motar tana nan Faskari inda muka tsayar da ita. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi zarya sun gaji, tsohuwa ta ce nan ƙanenta ya zauna, ba mai taɓa mata.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya riƙe ni tun ina ƙarami bai taɓa bari na san maraici ba. Allah ka riƙe shi fiye da yadda ya riƙe ni. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.