Wata Arewar Nake Nufi

Har yau in na tuna hutun shekarar nan sai raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan kama da laifi, tun da kalma ɗaya ce ta ja mini.

Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Doha. Akwai wani Bature abokin aikina, mutumin Alaska, dogo, ba ya son magana sai an taɓo garinsu. Shi ya fara nuna mini hotunan wani daji can ƙarshen ƙasarsu wanda aka keɓe wa namun dawa. Babu titi, babu gari, waya ma ba ta kamawa. Ƙaramin jirgi ne ke ajiye mutum a kan tsakuwar bakin kogi ya juya, sai ranar da aka yi alkawari ya dawo. Abincinka da tantinka da bargonka duk a bayanka suke. Ya ce da rani rana ba ta faɗuwa, sai dai ta yi ƙasa-ƙasa ta sake ɗagowa, kuma wasu irin barewa masu rassan ƙaho sukan keto kwari garke guda, su wuce ka kamar ba ka nan.

Na tambaye shi, mutane fa, ana haɗuwa da su da yawa a hanya? Ya ce in an yi sa'a ba za a ga kowa ba.

Nan ya kama ni. Ni tun da aka haife ni ban taɓa zama ni kaɗai ba. A gida ɗaki ɗaya muka tashi da ƙannena, a makarantar kwana gado kan gado, a nan unguwar Al Rayyan kuma gidan haya muke rabawa, in wannan bai kunna waya ba wancan yana soya albasa. Wallahi ina son mutane, amma so nake ko sau ɗaya, kafin gwiwa ta gaza, in ji yadda shiru yake. Baturen ya ce aikinsa a nan yana ƙarewa a ƙarshen shekara, ba zai sabunta ba. In ina so, wannan ranin zai shiga da ni, don baƙo ba ya shiga wurin shi kaɗai. Na ce yalla, mu je.

Na sha wuyar biza har na samu. Hutu sau ɗaya ne a shekara, na yi ta roƙo har aka sa mini shi a tsakiyar rani. Na sayi jakar goyo, ƙatuwa, mai igiyoyi ta ko'ina. Baturen ya ce sai baya ya saba da nauyi tun daga nan, saboda haka na zura buhun shinkafa a ciki, kullum bayan Asuba ina bin Corniche, titin bakin teku, da ita ina haki. Wanda ya san zafin Doha ya san iskar ma jiƙa mutum take. Masu gudu suna kallona, masu wankin jiragen katako suna yi mini dariya, ban kula ba.

Sai wata Juma'a. Bayan salla mukan tsaya a bakin masallaci mu Hausawa mu gaisa. Akwai wani dattijo ɗan garinmu, direba ne, shi ya tarbe ni farkon zuwana ƙasar nan, Kawu nake ce masa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Bana ina za a yi hutu?"

Na ce, "Arewa zan yi, Kawu. Can ƙurya."

"Alhamdu lillahi! Gida! Ai ya kamata, ka kwana biyu."

"A'a Kawu, ba tamu ba. Arewar duniya nake nufi, inda ƙanƙara take."

"Mu ma ai muna da ƙanƙara in damina ta yi ƙarfi."

Na tsaya na yi masa bayani tiryan-tiryan, Alaska, daji, ƙaramin jirgi, tanti. Yana saurare yana murmushi, irin murmushin da babba yake yi wa yaro mai miya a baki yana cewa bai taɓa tukunya ba. Da na gama ya ce, "Ka baro gidanku a bakin daji, ka hau jirgi ka je kallon wani dajin? To madalla. Na san masu cewa Umra za su, sai a gan su a Kano. Amma Alaska sabon salo ne."

Matsalar ke nan. A nan duk wanda zai je gida ya zama jakin kowa, shi ya sa mutane suke ɓoye tafiya. Don haka duk musun da na yi, sai aka ɗauke shi a matsayin shaidar cewa lallai gida za ni, saƙo nake gudu.

Kafin mako ya zagayo saƙo ya fara sauka. Dabino, turaren wuta, abaya, man zaitun, waya a kwalinta, maganin ciwon gwiwa, har da injin markaɗe. In na dawo aiki sai in tarar da ledoji a ƙofar ɗakina, abokan zamana sun karɓa sun ce za a kai. Wani mai gadi ɗan zangon Kumasi, da ƙanwarsa ke aure a Kano, ya tare ni ya ce, "Masa, maigida, ka taimaka, ƙarami ne." Ƙaramin nan ya fi matashin kai girma. Kawu da kansa ya kawo nasa, ya leƙa ɗaki ya ga jakar goyo a jingine, ya tafa hannu. "Ka ga jaka! Mutum ya sayi wannan ya ce ba gida za shi ba!"

Na nuna biza. Aka ce ai biza ba tafiya ba ce. Na nuna taswira a waya, aka ce Allah ya ba ni haƙuri. Ranar hutuna ta mako na kwashe ledojin na bi masu su har unguwar Asian Town ina mayarwa, rana na dukana, wasu suka karɓa suna ɓata rai, wasu kuma washegari na sake tarar da nasu a ƙofa. Sau ɗaya na yi wa wani tsawa, na ce wai ku ba ku san akwai wata Arewa a duniya ba sai taku? Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, likita," ya ajiye ledarsa ya tafi. Ni ba likita ba ne, wannan ma na gaji da gyarawa.

Duk wannan bai girgiza ni ba. Na ce su yi ta tarawa, jirgina zai tashi ya bar su da dabinonsu.

Sai ƙanwata ta turo saƙon murya. "Yaya, ashe kana tafe shi ne ba ka faɗa mana ba? Matar Kawu ta zo ta yi wa Inna albishir. Tun ranar take sa a gyara ɗakinka."

Na zauna a bakin gado, na rasa abin da ke mini daɗi. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta buɗe baki ta ce ta yi kewata. In na kira waya gaisuwa ce kawai, sai ta miƙa wa ƙanwata. Bara ban je ba saboda an hana hutu. Amma bana na riga na tsara, in na dawo daga dajin, shekara mai zuwa tata ce. Na ce bari in kira in faɗa mata gaskiya, ai Inna ba ta musu.

Bayan La'asar na kira. Muka gaisa, na tambayi ƙafarta, ta ce da sauƙi. Na ce, "Inna, maganar da aka kawo miki, ba a fahimce ni ba ne. Ba gida zan zo ba. Wata ƙasa ce za ni, mai nisa."

"Aiki ne?"

"A'a, hutu ne."

"Wa za ka gano a can?"

"Ba kowa. Daji ne kawai."

"Su wa ke zaune a ciki?"

"Ba kowa, Inna. Abin da ya sa nake son zuwa ke nan."

Ta wayar ina jin kaji a tsakar gida, ina jin wani yana jan guga. Na so in janye maganar, amma ta riga ta fita.

Can ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya. Ka tafi da rigar sanyi. Mutane kuma zan ce musu ba a ba ka hutu ba."

Da ta yi faɗa da na tafi abina. Da ta ce kada in je, da na roƙe ta har ta yarda. Amma tsohuwar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba ta shirya yin ƙarya don ta rufa mini asiri, don kada a ce ɗanta ya samu hutu ya zaɓi inda babu mutane.

Washegari a wurin aiki na faɗa wa Baturen ba zan samu zuwa ba. Ya tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. Na ce kowa lafiya lau. Ya dube ni yana jiran sauran bayani, ni kuwa na koma kan aikina. Ya tafi dajinsa shi da wani, ƙarshen shekara ya bar Doha, bizar ta mutu a cikin fasfo.

Na juye shinkafar, na cusa dabinon mutane da turarensu a jakar goyo har igiyoyin suka ƙi haɗuwa. Na ji daɗin ganin Inna, wannan ba na musu, amma da haushi na tafi, kuma haushin bai gama fita ba.

Kawu ne ya kai ni filin jirgi. Yana tuƙi yana fara'a. Da muka tsaya ya sauke mini kaya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko? Ɗana, gaba in ba ka son saƙo ka fito fili ka faɗa. Ƙarya ba ta yi kama da kai ba."

Na saɓa jakar goyo. Ya zaro wata leda daga ƙarƙashin kujera ya miƙo mini, ya ce wannan na ƙanwar matarsa ne, ya manta bai ba ni ba. Na karɓa.