Addu'ata da Kiran La'asar

Wani dattijon ikilisiyarmu ya miƙe gaban jama'a ranar Lahadi ya ce na musulunta a ɓoye. Bai kama suna ba, cewa ya yi "ɗan'uwanmu mai gyaran moto a Zongo". To mu nawa ne masu gyaran babur a ikilisiyar? Ni kaɗai ne. Kafin Lahadi ta zagayo an karɓe mini tsaron ƙofar majami'a, aikin da nake yi tun yarana na rarrafe.

Ni Kirista ne ɗan Kirista, a Zongo aka yanke cibiyata, tsakanin masu goro da masu atamfa. A lakwal, wato boko, ban yi nisa ba, Littafi Mai Tsarki da yatsa nake bin sa. Shekara da shekaru addu'ata ta Lahadi ce kawai, sai ko in ciwo ya kama yaro. Da furfura ta fara fito mini na ce a'a, ya kamata mutum ya riƙa tsayawa gaban Ubangijinsa kullum.

Fasto ya ce da sassafe. Na gwada. Ɗaki ɗaya da mata da yara, wannan na neman takalmi, wancan na kukan koko, ga wani a ƙofar gida yana kwaɗa sallama wai tayarsa ta sace. Na koma bayan tuwon yamma, ina durƙusawa sai in farka goshina a kan katifa. 'Yata ta sa mini ƙararrawa a wayata portabul, ta buga ina tsakiyar kwance inji, na kashe. Washegari ma na kashe.

Kusa da rumfata a bakin titin gudron akwai wani Alhaji mai goro, tare muka tashi. In aka kira la'asar layinmu tsit yake yi, masu kawo gyara su jingine moto su wuce masallaci, a bar ni ni kaɗai. Wata rana Alhaji ya gama alwala ya dube ni.

"Maƙwabci, mu za mu je mu gai da Mai Sama, kai kana gadin ƙusoshi. Ko ku sai Lahadi ake buɗe muku kanti?"

Na yi dariya, amma ta shige ni. Suna tafiya na ɗauki butarsa da omo na wanke baƙin mai har gwiwar hannu, don ba zan taɓa Littafi da wannan dauɗa ba. Na shimfiɗa kwali a bayan rumfa, na karanta Zabura, na yi addu'a cikin sunan Yesu. Babu mai kira na, babu barci. Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da ya gagare ni shekaru ya zauna daram, har Alhaji ya riƙa bar mini ruwa a butar.

Ana haka dattijon nan ya turo motonsa daga unguwar Dassasgho, ya iske ni da buta a hannu ana kiran salla. Ko sallama bai yi ba, ya juya da abinsa.

Bayan maganarsa ta Lahadi matata ta zaunar da ni. "Maigida, sauya lokacin nan mana. Matan zumunta ko gaisuwata ba sa amsawa."

Na sauya. Na koma sassafe, sassafe ya mayar da ni inda na fito. A kira la'asar in zauna riƙe da sifana kamar ɓarawo. Alhaji ya ce, "Yau ma ba ka son butar? Kun yi faɗa da Shi ne?" Na sunkuya na ci gaba da gyara. Damina ta shigo ban durƙusa ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan tsaron ƙofa.

Sai na hau moto har gidan dattijon. Na same shi a gindin mangwaro yana shan zomkom, ruwan garin gero.

"Baba, barka da hutawa."

"Barka kadai. Ka zo tuba ne?"

Ban zauna ba. Na ce, "Baba, ka gan ni ina wanke hannu, ba ka tsaya ka ji sunan wa nake kira ba. Da ka zaga bayan rumfa da ka ji. Ka tashi gaban jama'a ka zubar mini da mutunci, na bi taku na sauya lokaci, yanzu ba na addu'ar kwata-kwata. In haka kake so, to ka samu. Amma daga gobe ana kiran la'asar zan durƙusa, don lokacin kaɗai Allah ya ba ni a unguwar nan. Ƙofar majami'a ku ba wanda kuka ga dama. In kana da magana ka zo ka faɗa mini ido da ido, kamar yadda na zo maka."