Koren Gwangwanin Da Ka Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, 'yarka ta fari ta kira ni a waya. Ina jin yadda ta ce "Kawu" na ajiye kofin da ke hannuna, domin ban taɓa jin ta kira ni da irin wannan muryar ba. Ta ce, "Baba ya cika." Bayan azahar muka kai ka makwancinka. Na duba jama'ar da ta taru, na ga kusan rabinsu makaɗa ne, tsofaffi da sababbin shiga, kowa da labarin abin da ka taɓa gyara masa.

Na zauna rubuta wannan ta'aziyya da niyyar in yi kuka, amma ka hana ni, Mai Gwangwani. Duk abin da na tuno naka sai dariya ta riga hawaye fitowa, har maiɗakina ta leƙo daga kicin tana tambaya ko lafiya nake.

Ga wanda bai san shi ba, aminina ne tun muna samari. Ni jitar lantarki nake kaɗawa a ƙungiyarmu ta mutum biyar. Shi kuwa gyaran amfilifaya yake yi, wato akwatin da ke ɗaga sautin jita ya fitar da shi a sifika, yana kuma sayar da na hannu. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin masu gyaran rediyo. Teburin duk tabon ƙonar dalma, kujerar baƙi ɗaya ce tak, ita ma an tokare ƙafarta da bulo. A bango kuwa ga fedoji rataye kala-kala. Feda ɗan akwatin ƙarfe ne da mai jita ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, in ya taka shi da ƙafa sai sauti ya sauya: wani ya ƙara masa gurnani, wani ya sa masa amsa-kuwwa, wani ya sa shi karkarwa.

A kan waɗannan fedoji muka shafe fiye da rabin rayuwarmu muna gardama. Ni a wurina jita, waya, amfilifaya, magana ta ƙare. Nakan ce duk wanda ya jera gwangwanaye a gabansa ragon yatsu ne. Daga nan na laƙaba maka Mai Gwangwani, kai kuma ka rama da Waya Ɗaya, sunayen suka bi mu har 'ya'yanmu suka taso suna jin su. Kakan ce ni mutum ne da za a ba shi miya ya ce a cire gishiri don a san gwanintar mai dahuwa. Matanmu sun gaji da raba mu, daga baya in mun fara sai su ja kujerunsu gefe su ci gaba da hirarsu.

Amma ko a lokacin da nake zaginka na san babu wanda ya kai ka iya zaɓa wa mutum kaya. Ba ka fara tambayar mai saye wane iri yake so. Sai ka ce masa, "Ina za ka kaɗa? Wa ke kwana a bayan bangonka? Bene za ka hau da shi?" A gabana wani ya zo ya nace sai ƙaton amfilifayan da ke bakin ƙofa, ka gano ɗaki ɗaya yake zaune da matarsa da jaririya, ka ƙi sayar masa ƙememe, ka ce ba da kai za a kurumtar da 'yar mutane ba. Ya fita yana faɗa. Bayan mako ya dawo ya ɗauki ƙarami, ga shi yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka. Kana kuma da wata ɗabi'a da kowa ya san ka da ita: sai ka juya wa mai saye kujera ya fuskanci bango, kana canza kaya a bayansa yana kaɗawa, don kada launi ko suna ya ruɗe shi. Kakan ce ido ɓarawon kunne ne.

Sai ga shi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ni. Allah Ya taƙaita, na tashi, ƙafa ta dawo da 'yar ɗingisa, amma hannun hagu, wanda ke danne tsirkiya, ya zama kamar na aro. In na danna sai sautin ya fito ya mutu nan take, wani ya yi ƙarfi, wani ko fitowa ba ya yi. Na gwada har na gaji, na ɗora jitar a saman kabad na ce shi ke nan. Mai gangarmu, wanda shi ne shugaban ƙungiya, ya zo gida ya gaya mini gaskiya cikin ladabi. Ana gyaran zauren da muke wasa duk ƙarshen mako, za su riƙe mini gurbina har ranar da za a sake buɗe shi. In ban dawo ba a ranar, dole su nemi wani. Ban ga laifinsa ba, mutane ne masu iyali. Amma da ya fita sai na ji kamar an karanta mini ranar sallamata daga abin da na fi sani a duniya.

Kowa ya zo da "sannu" da "Allah Ya ƙara sauƙi". Kai ka shigo ko zama ba ka yi ba, ka dubi saman kabad ka ce, "Waya Ɗaya, sauko da ita. Tun muna da gashi nake jiran ranar da za ka buƙaci gwangwani, yau Allah Ya kawo ta." Maiɗakina ta buɗe baki za ta yi maka faɗa, sai ta ga ina dariya, dariyar farko tun fitowata daga asibiti, ta juya ta koma kicin.

Ka ce da amfilifaya za a fara, domin feda ba ya gyara abin da tushensa ya lalace. Tsohon nawa sai mutum biyu ke ɗaga shi, ka ce a ba shi fansho. Washegari ka iso da guda huɗu a bayan motar ƙaninka, ka jera su a falona, ka ce a ɗakin da zan yi ta gwaji ya kamata a zaɓa. Jarrabawar farko ba ta kiɗa ba ce: in ɗauki kowanne da hannun dama in kai bakin ƙofa in dawo. Nan take biyu suka faɗi. Sauran biyun ka juya ni na fuskanci bango, ka naɗa maiɗakina alƙaliya daga kicin, ka ce in sauti ya iso mata da daɗi ta buga ludayi a tukunya. Haka muka wuni, ni ina kaɗa abin da bai fi kukan ƙofa ba, kai kana murɗe-murɗe, ita tana buga tukunya. Da na juyo na ga wanda ni da ita muka yarda da shi, sai na tarar mafi muninsu ne, ɗan ƙarami mai sifika ɗaya, fatarsa ta yage a kusurwa. Na ce Allah Ya kiyaye in hau dandamali da wannan. Ka ce, "Kunnenka ya zaɓa, idonka ya yi haƙuri."

Ka canza mini tsirkiyoyi zuwa sirara, ka kwantar da su kusa da itacen don kada yatsa ya sha wahala. Sannan ka zaro wani koren feda daga aljihun rigarka. Ka ce aikinsa ɗaya ne: sautin da ya yi rauni ya ɗaga shi, wanda ya yi ƙarfi ya sassauta shi, ya kuma riƙe shi ya daɗe. Ka jona, ka ce in taka. Wata 'yar jar fitila ta kama. Na danna tsirkiya ɗaya da wannan mataccen yatsan, sautin ya fito ya tsaya, ya ci gaba da tsayawa, ya cika falon. Wallahi kuka na yi, kukan da ban yi a gadon asibiti ba. Kai kuma ka duƙa ƙarƙashin kujera kana neman sukundireban da ke cikin aljihunka.

Bayan shi ka ƙara biyu, mai ɗan gurnani da mai amsa-kuwwa wanda zai cike gurbin da yatsuna ba sa iya gudu su cike. Koren a farko, mai gurnani a tsakiya, amsa-kuwwa a ƙarshe. Na tambayi dalili, sai ka juya jerin don in ji da kunnena, abin ya fito kamar faɗan kasuwa. Ka yanko katako daga ƙofar wani tsohon kabad ka kafa su a kai, duk ka tura su ɓangaren dama inda ƙafata mai lafiya take. Ni da na yi shekaru ina zagin masu gwangwani, ga ni da uku, kai kuwa ba ka bar wanda ba ka gaya wa ba a layinku.

Ranar da aka buɗe zauren na hau. Da na kai ƙarshen waƙar farko mai ganga ya wurga sandarsa sama ya yi ihu, mawaƙiyarmu ta manta baitinta don dariya. Na hango ka can baya kusa da ƙofa, hannuwa a baya, kana gyaɗa kai kamar wanda ya zo duba aikin gini. Gurbina ya tsira.

Sai dai wani abu ya zauna mini a zuciya. Duk wanda ya ce hannuna ya dawo, nakan amsa da godiya, a ciki kuwa in ce gwangwani ake yaba wa. Wata Asabar na manta allon fedojin a gida, na ƙi hawa, na ce kaina ke ciwo. Labari ya kai maka. Sai ka fara zuwa da dabaru. Ka karɓe mai amsa-kuwwa wai wata mai jita za ta ara, bai dawo ba. Ka karɓe mai gurnani wai yana zuƙe batir. Da ka miƙa hannu kan koren na ce sai dai ka haɗa da ƙafar. Ka ce to, duba shi kawai za ka riƙa yi. Daga nan lokaci-lokaci sai ka ɗauke shi ka kwana da shi a shago, ka dawo da shi ka ce ka share masa ƙura. Ni kuma ina ta gode maka.

A watan jiya, da ciwon zuciya ya kwantar da kai, ka aiko in zo da jita da ɗan mummunan amfilifayan da koren. Da la'asar ce, an jingina ka da matasai, Yaya maiɗakinka na zaune a bakin gado. Na taka, fitila ta kama, na kaɗa maka waƙar da muka fara koya tare. Ka lumshe ido har na gama. Sai ka ce wa 'yarka ta miƙo mini sukundireba, ka ce in buɗe bayan fedan.

Na buɗe. Babu komai a ciki. Duk kayan cikin ka kwashe, saura waya guda da ta tashi daga ramin jona jita zuwa ramin jona amfilifaya, sai batir da ba shi da aiki illa kunna 'yar jar fitilar.

Ka ce, "Duk zuwan da yake yi shago rage masa ƙarfi nake yi kaɗan-kaɗan. Da na ga ya kai ƙarshe ba ka lura ba, sai na yashe shi gaba ɗaya. Tun bara hannunka ke kiɗa, Waya Ɗaya. Fitila kawai kake takawa."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Yaya tana bubbuga bayanka tana yi mana faɗa mu biyu. Da na samu bakin magana na ce ashe ni na ci gardama, ga waya ɗaya nan da hannunka ka jona. Ka ce ina! Ai da gwangwani ka dawo da ni, don haka kai ka ci. Muka juya ga Yaya ta raba, ta ce duk mun faɗi, mu bar mara lafiya ya huta. Na fito ɗakin ina duban hannuna na hagu kamar yau aka ba ni shi. Ban san ganinmu na ƙarshe ke nan ba.

Asabar ɗin da ta wuce ƙungiya ta koma wasa. Mai ganga ya ga ina jona koren, ya ce ai yanzu ba na buƙatarsa. Na ce na sani. Na taka, fitilar ta kama, na kaɗa. Muddin ina hawa dandamali zan ci gaba da taka shi, in batir ya mutu in sa sabo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, wadda ta jure gardamarmu tun tana amarya, da 'ya'yanka da jikokinka, da ƙaninka da bai taɓa hana mu motarsa ba, da maƙwabtanka na layin gyara, da duk makaɗan da za su isa ƙarƙashin matakalar nan su tarar da ƙofa a rufe. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya albarkaci abin da ka bari.

Allah Ya jiƙan ka, Mai Gwangwani. Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Ubangiji, bawan nan Naka ya tallafe ni lokacin da hannuna ya kasa, bai sake ni ba sai da ya tabbata na tsaya da kaina. Yau shi ne ba ya iya yi wa kansa komai. Ka tallafe shi da rahamarKa, kada Ka sake shi. Amin.